Dirakula, Zo Anka Ka Ga Manya

Allah ya ja zamanin tashar NBC ta Amurka, giwar tashoshi, mai bayarwa da dama ta karɓe da hagu, wadda ta haifi shirin Dirakula ranar 25 ga Oktoban 2013, ta yaye shi ranar 24 ga Janairun 2014, ta yi masa sutura a watan Mayu, yana da kashi goma cif a duniya. Irin wannan sanin ya-kamata sai gidan sarauta. Ƙananan tashoshi sukan bar shiri ya yi ta jan jiki shekara bakwai, har 'yan kallo su saba da shi, su fara tambayar inda labari ya dosa. NBC ta tsare wa nata mutunci, ta kai shi makwanci tun kafin a kai ga tambaya. Shiri ne na manya, ƙarfe goma na daren Juma'a ake saka shi, lokacin da yara suka yi barci, manyan ma ido ya fara nauyi, don kada hayaniyar masu kallo ta dame shi.

Ga wanda bai san Dirakula ba, dodon tatsuniyar Turawa ne: gawa ce da ta ƙi kwanciya, tana gudun hasken rana, da dare ta tashi ta kafa haƙora a wuyan mai rai ta sha jini. Wani marubuci ɗan Ayalan, Bram Stoker, shi ya fito da shi duniya a littafinsa na 1897, tun daga nan kuwa masu fim ba su bar shi ya huta ba. Sai dai duk waɗanda suka taɓa shi kafin NBC gajeriyar fahimta suka yi masa, sun ɗauka aikin mai shan jini shi ne shan jini. Da gwanayen nan suka zo sai suka ɗaga darajarsa. Suka tashe shi daga kabari, suka yi masa aski, suka sa masa kwat, suka raɗa masa suna Alexander Grayson, hamshaƙin attajiri daga Amurka, suka sauke shi a Landan ta 1896 da alkawarin da ya fi kowane alkawari zaƙi a kunnen ɗan Najeriya: zai kawo wutar lantarki.

Jarumin shirin, Jonathan Rhys Meyers, ɗan Ayalan ne yana kwaikwayon basaraken Romaniya, wanda shi kuma yake kwaikwayon Ba'amurke, a cikin wata Landan da aka ɗauka a birnin Budapest na ƙasar Hangari. Ƙasa biyar a maƙogwaro ɗaya, da ya buɗe baki kowacce sai ta leƙo ta gaisa. A kashi na farko ya tara manyan gari a gidansa na Carfax, mata cikin dogayen riguna, maza cikin baƙaƙen kwat, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana miƙa wa kowa ƙwan fitila. Babu waya, babu turke. Aka tayar da inji a bayan fage, ƙwayaye suka kama a tafin hannun baƙi, fuskoki suka haskaka, baki ya mutu. Jim kaɗan inji ya fara tartsatsi, wuta ta ɗauke. Mu da muka san yadda ake ƙaddamar da aiki mun shaida an bi ƙa'ida daki-daki: an gayyaci manya, an kunna, an tafa, an kashe.

Ga kuma fansa irin ta masu ilimi. Wata ƙungiyar asiri ce ta ƙone matarsa Ilona, ta mai da shi abin da ya zama, dukiyar 'yan ƙungiyar kuwa tana cikin man fetur. Ƙaramin dodo da sai ya bi su gida-gida a dare ɗaya ya gama. Shi kuwa gogan, toron giwa mai haƙurin ƙarnuka, hannun jari ya nema. Kashi bayan kashi muna zaune baki buɗe muna kallon sarkin duhu yana fafutukar mallakar kamfanin da ke yin ruwan sanyaya inji. Yakan ɗan taɓa wuyan wani jefi-jefi don kada sana'ar gado ta ɓace, amma zuciyarsa tana wurin taron daraktoci. Van Helsing, wanda a littafi shi ne mafaraucinsa, nan abokin hulɗa ne, kullum yana soka masa allura yana ɗibar jininsa don haɗa maganin da zai sa ya iya shiga rana. Ka ji sabon salo: mai shan jini ake zuƙa. Amintaccensa Renfield kuwa lauya ne, Nonso Anozie ya fito a matsayinsa, ɗan Ingila mai jinin Najeriya, kuma shi kaɗai ne a gidan za ka rantse ya san abin da ake ciki. Ko a Landan ta 1896, in ana so aiki ya tafi sai an nemo namu ya riƙe wa maigida jaka. A kashi na goma injin hasken ya tarwatse a tsakiyar jama'a, gawawwaki suka zube, aka rufe labule. Ba kwamitin bincike, ba zango na biyu.

Namu mayun na ƙasar Hausa ba su waye haka ba. Maye maƙwabci ne, an san ƙofar gidansa, sau da yawa ma tsohuwa ce marar gata wadda ba ta da ɗan da zai tsaya mata. Yaro ya kwanta ciwo a ce ita ta kama kurwarsa, unguwa ta taru a kanta, a tilasta mata ta tsallake shi. Dirakulan NBC ya zo ya koya wa duniya cewa mai shan jini na ƙwarai yana da ofis, yana da takardar kamfani, yana da lauya, mai lauya kuwa ba a taɓa sa shi tsallake kowa ba.

To amma adalcin mai sharhi ya wajabta a faɗi gaskiya ko da za ta sosa ran Amurkawa: sun makara. Shekara uku kafin su kunna ƙwan fitilarsu, an riga an saka shirin da ya dame nasu ya shanye a yammacin Zamfara, a ƙasar Anka da Bukkuyum, can inda hanya ke miƙewa ta Daki Takwas zuwa Gummi. Shi ma na jini ne, shi ma na manya ne, shi ma hankalin masu shirya shi bai daɗe a kansa ba. Dareta ce dandalin farko, ita da 'Yargalma.

Bos ɗin wannan shiri ba ta da haƙora. Dalma ke nan, sarauniyar shiru, baƙuwa mai shiga ba sallama, marar wari marar ɗaci, wadda ba ta shan jini sai dai ta tare a cikinsa. Dirakulan littafi ba ya shiga gida sai an ce masa bismilla. Ita kuwa a buhu aka kawo ta, a bayan babur, da rana tsaka, hannun uba ya sauke ta a tsakar gidansa yana murna Allah ya kawo buɗi. Tun kafin 2010 farashin zinare yake ta hawa har ya haura dala 1,200 kowane oza a kasuwar duniya, manomin da geronsa ba ya kai shi wata damina ya ji labari, ya ɗauki diga ya shiga rami. Dutsen da ya haƙo yana da zinare, amma a cakuɗe yake da dalma mai yawan gaske, irin dutsen nan mai ƙyalli da ake yin tozali da shi. A fasa da guduma, a kai injin niƙan hatsi, abin da ya rage mata su daka a turmi, a wanke, a kama zinaren da zaiba. Ƙurar da ke tashi laushinta kamar garin tuwo, ta sauka a daɓen ɗaki, a kan tabarma, a bakin randa, a kan zanen goyo. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, sau nawa a yini, Allah kaɗai ya sani.

A nan ne manyan taurarinmu suka fara nuna gwaninta, tun kafin su fito. Tsarin mulkin Najeriya da dokar ma'adinai ta 2007 sun damƙa wa Gwamnatin Tarayya duk abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Rabo ne na hikima wanda ba a taɓa jin an yi gardama a kansa ba: zinaren na Tarayya, ƙurar ta yara. Masu wannan dukiya, Allah ya ƙara musu kunya, ba su yi rashin ladabin zuwa tsakar gidan talaka su katse masa sana'a da gargaɗi ba. Sun bar mutane cikin 'yancinsu. Sai a watan Maris na 2010 wasu ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da suka fito neman masu cutar sanƙarau, suka tarar da ƙauyuka cike da sababbin ƙananan kaburbura, da yara masu amai da jijjiga waɗanda maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba.

Masu bincike na hukumar CDC ta Amurka sun bi gida-gida a ƙauyukan nan biyu, Dareta da 'Yargalma, a watan Mayu. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, ɗaya cikin kowane huɗu. Kashi 82 cikin ɗari na waɗanda suka rasu sai da suka yi jijjiga kafin rai ya fita. Cikin waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari dalmar ta kai ko ta wuce maikirogiram 45 a kowace desilita, wato matakin da likita ke fara ba da maganin fitar da guba ba tare da jira ba. Ƙaramar na'urar gwajin da ake yawo da ita ƙirgenta ya tsaya a 65, abin da ya haura nan sai dai ta nuna ya yi yawa ta yi shiru, haka kuwa ta yi ta yi, yaro bayan yaro. A Amurka a lokacin, in dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa, an shiga haɗari. A wasu wurare na ƙauyukan nan ta haura 100,000, ɗaya bisa goma na ƙasar da ake takawa. Jimillar yaran da suka rasu a yankin ta wuce 400. Dirakula da haƙoransa da lauyansa da injinsa, a kashi goma, bai kama ƙafar wannan ba.

Ga iyayen yaran nan alƙalamin sharhi ba shi da abin cewa sai ta'aziyya. Akwai uwar da ta binne biyu, akwai wadda ta binne uku, da hannunta ta daka dutsen ba ta sani ba. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceto ne, ya ba iyaye haƙurin da ba wanda ya isa ya nema a wurinsu sai Shi.

A farkon Yunin 2010 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito fage, ta sanar da mutuwar mutum 163, yara 111 a ciki. Fitowa ce mai kyau, murya a daidaice, adadi a tsare. 'Yan jaridar duniya suka yi ca, motoci masu tuta suka tayar da ƙura a hanyar Anka, aka ɗauki hoto, aka ce an hana sarrafa dutse a cikin gari. Kowane shiri yana son buɗewa mai armashi, wannan kuwa ya samu.

Dole mai sharhi ya ambaci inda shirin ya yi rauni, raunin kuwa daga ƙananan 'yan wasa ya zo, waɗanda ba su fahimci cewa gajeren shiri ake yi ba. Na farko likitocin MSF. Maimakon su yi jawabi su koma masauki, sai suka buɗe wurin jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, suka zauna suna ɗura wa yara maganin succimer, wanda ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, kwana da kwanaki, a sallami yaro, a sake gwadawa, a sake farawa. Babu ko ɗigon fasaha a cikin wannan, maimaici ne zalla. Suka gwada yara fiye da 8,000, ba su miƙa aikin ga hukumomin jiha ba sai a farkon 2022. Shekara goma sha biyu ana abu ɗaya! Da a NBC suke da tuni an sallame su.

Na biyu injiniyoyin TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka da mutanen Blacksmith Institute, tare da ma'aikatan muhalli na jiha da samarin ƙauyukan kansu. Su kuma wasan da suka zaɓa ko kyan gani babu. A fitar da kayan ɗaki, a share bango, a sa fartanya a kankare saman ƙasar tsakar gida, 'yan santimita kaɗan, a zuba a buhu, a kai rami a bayan gari a binne, a ɗebo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a auna da na'ura, in ba ta yi ba a sake. Gida bayan gida, cikin zafin bazara da farkon damina. Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza zuwa farkon 2011, akasari da kuɗin masu agaji na waje. Wa zai biya kuɗin kallon mutum yana kankare ƙasa? Ko ƙyallen yankawa babu a wurin, balle almakashi.

Allah ya taimake mu manyan jarumai suka dawo suka ceci shirin, a Bagega. Garin ya fi sauran girma, nan ne cibiyar niƙan dutse, yara kimanin 1,500 suna jiran magani. Likitoci sun ce ba za su fara ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, domin yaron da aka wanke wa jini aka mai da shi cikin ƙurar da ta sa masa ciwo, an yi aikin banza, har ma ana iya ƙara masa lahani. Saboda haka komai ya rataya a kan abu ɗaya: naira miliyan 850 da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari. Kowane marubucin fim ya san ba abin da ke riƙe ɗan kallo irin jira. NBC takan ja rai mako guda. Namu gwanayen, sarakunan jan rai, masu alƙalamin da ba ya gaggawa, sun ja shi fiye da shekara.

Kashin da ya fi kowanne ƙayatarwa an ɗauke shi ne a Abuja, ranakun 9 da 10 ga Mayun 2012. Aka kira babban taron ƙasa da ƙasa a kan gubar dalmar Zamfara. Masana suka taso daga nesa, likitoci suka zo da alƙaluma, wakilan jiha suka zo, aka jera kujeru, aka ajiye ruwan roba. Ministan Ma'adinai, Ministan Muhalli da Ministan Lafiya, su ukun da maganar ke hannunsu, babu wanda ya halarta. Ranku ya daɗe, wannan shi ne ƙololuwar wasa! An ce Dirakula ba ya fitowa a madubi, to wannan ai ƙaramin siddabaru ne, madubi ɗaya, mutum ɗaya, cikin ɗaki. Ga mutum uku rigis sun ƙi fitowa a zauren taro, gaban idon duniya, kwana biyu a jere. Inuwar giginya, na nesa ka sha. Hadarin kaka mai cika ido. Masu halarta da rashin zuwa, masu jawabi da kujera. Wani ɗan wasan sai ya yi kuka ya yi birgima kafin ya taɓa zuciyar mai kallo. Su da kujera wofi suka faɗi duk abin da ke ransu game da yaran Bagega, kowa kuma ya fahimta.

Damina ta zo ta wuce, ruwa ya wanke tudun dutsen da aka niƙa ya kai kududdufi. Aka ci gaba da ba mutanen Bagega shawarar da ta dace da talaka, cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, ba tare da an lura cewa 'ya'yansu sun riga sun sha ba. Da an bar shirin ya tafi a kan wannan kyakkyawan tsari da har yau ana jira. Sai wasu matasa marasa ta-ido, su Hamzat Lawal da ƙungiyarsu ta Follow the Money, tare da Human Rights Watch, suka cika intanet da kiran a ceci Bagega, har shafin Facebook na Shugaba Goodluck Jonathan ba su bari ba. A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗi, aka kankare Bagega, a watan Afrilu likitoci suka fara ba da magani, shekara uku bayan gano cutar. A wannan shekarar ce NBC ta fito da nata Dirakulan. Ɗalibi bai taɓa bin malami a kusa haka ba.

An ce shirin na manya ne, kuma an kiyaye wannan sharaɗi da kyau. Yara sun ba da jini, amma ba a wahalar da su da rabon riba ba. Mai haƙa yana samun na cefane, mai inji yana samun na mai, dillali ya zo da ɗan sikelinsa ya auna ya tafi. Daga nan zinare sai ya shiga hannun waɗanda suka fi kowa iya wasa a duk shirin, domin har yau ba a ga fuskarsu ba. Ya bi ta Nijar, ya bi ta Togo, ya sauka Dubai, a narke shi a wanke, ya dawo wuyan amare ba ƙura ko ɗaya a jikinsa. Grayson sai da ya sha allura da wutar lantarki kafin ya iya tsayawa cikin rana na 'yan sa'o'i. Waɗannan bayin Allah da rana suke yawo, a sahun gaba suke salla. A watan Yulin 2020 kuma aka kai wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinaren Najeriya mai nauyin kilo 12.5 a fadar gwamnati, Babban Banki ya saya a kan naira miliyan 268, kyamarori suka haska. Kyakkyawan hoto ne ƙwarai, an goge shi tas, babu turmi a ciki, babu zanen goyo.

Inda namu ya yi wa na Amurka fintinkau shi ne, nasu da aka soke shi ya soku. Namu hankalin masu shiryawa ne kawai ke ɗaukewa, labarin kuwa yana ci gaba da kansa. A 2015 aka maimaita shi a Shikira da maƙwabtanta cikin ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi, ba a canja ko layi ɗaya ba. A Zamfara kuma sababbin masu shan jini suka shigo, su da bindiga a kan babur, ba sa jiran dare, ramukan zinare na cikin abin da suke ci. Hukuma ta amsa da jerin umarni masu kwarjini. A Afrilun 2019 aka haramta haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya, dokar da ta yi tasiri matuƙa a kan takardar da aka rubuta ta. A Maris na 2021 aka hana jirage ratsa samaniyar jihar. A Satumba aka katse layukan waya. A farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mazauna suka ce sun rasa mutum kusan 200, gwamnatin jiha, mai tsimi da tanadi ko a wajen lissafin gawa, ta ce 58 ne. A Disambar 2024 Ministan Ma'adinai Dele Alake ya ɗage haramcin. Wata huɗu bayan nan, a Afrilun 2025, aka ji labarin gubar dalma a Bunguɗu, aka ba da umarnin a dakata da haƙa. Wace tasha ce a duniya za ta iya dawo da shiri bayan shekara goma sha biyar da bos ɗinsa, da kayan wasansa, da jawabinsa, ba abin da ya tsufa?

Saura zangon da aka riga aka rubuta, wanda ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko sa hannun minista. Dalma ba ta daɗewa a cikin jini, cikin makonni take raguwa, amma inda take komawa shi ne ƙashi, jiki ya ɗauke ta a matsayin sinadarin da ke gina ƙashi ya adana, ta zauna shekara ashirin, talatin. Yaran da suka tsira a Dareta da Abare da Sunke, wasunsu sun tashi da makanta, wasu da shanyewar gaɓa, da yawa kuma da raunin da ido ba ya gani: karatu ya ƙi zama, a ce yaro daƙiƙi ne a dake shi. Maganin yana fitar da guba, ba ya mai da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. 'Yan matan da ke rarrafe a 2010 yanzu sun kai aure, wasu suna ɗakunansu. In mace ta ɗauki ciki, jikinta yakan ɗebo daga ƙashinta don gina ƙashin ɗan tayi, dalmar da ke ajiye ta biyo, ta ratsa mabiyiya ta shiga jinin wanda bai taɓa dafa ƙasar Dareta ba. Bram Stoker da duk zurfin tunaninsa sai da ya sa dodonsa ya yi cizo kafin ya yaɗu.

Masu rage wa shiri daɗi za su ce a bi matan nan a gwada su a wurin awon ciki, a Anka da Nasarawar Burkullu da Gummi, a ba su abinci da magungunan da ke rage fitowar gubar daga ƙashi, a koya wa masu haƙa niƙa dutse da ruwa nesa da gida, su wanke jiki su sauya tufa kafin su ɗauki yaro, a tanadi malaman da suka san yadda ake koyar da yaron da dalma ta taɓa. Za su ce gwajin ɗigon jini ɗaya yake so daga ɗan yatsa, na'urar kuma cikin minti uku take ba da amsa. Muna roƙon masu girma, iyayen ƙasa, garkuwan talakawa, kada su bari a ruɗe su. Minti uku gaggawa ce irin ta marasa aikin yi. Wanda ya iya riƙe yara 1,500 a layi daga 2011 zuwa 2013 bai kamata a zubar masa da girma da abin da ake gamawa kafin shayi ya huce ba.